Yadda ake shawo kan matsalolin da ke biyo bayan aikin sauya gwiwa

Aikin sauya gwiwa ba ya cika wuce awa biyu a ɗakin tiyata. Likitan ƙashi zai aske bakin ƙashin cinya da na ƙwauri inda guringuntsi ya cinye, ya ɗora musu ƙarfe, ya sa farantin roba mai tauri a tsakaninsu, galibi ya liƙe ƙarfen da simintin ƙashi. Bayan 'yan kwanaki sai sallama. Sauran aikin, wanda kan ɗauki wata uku zuwa shekara, a tsakar gida ake yin sa, kuma a hannun masu jinya yake.

Mutanen Katsina da Daura suna da ƙarin nauyi, domin da yawa a nesa ake yi musu aikin: asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko Abuja, ko Masar, ko Indiya. Ranar da matsala ta taso, wanda ya yi aikin ba ya kusa. Saboda haka kada a baro asibitin sai an karɓi takardar sallama, da hoton gwiwar bayan aiki, da sunan kamfanin ƙarfen da aka sa da lambarsa, da sunan kowane magani haɗe da ranar da za a daina shan sa. Tun kafin a sauka gida kuma a san likitan ƙashin da zai ci gaba da dubawa, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda aka saba kira FMC, ko a asibitin Janar Amadi Rimi.

Manyan matsalolin uku ne, kowace da wa'adinta. Gudan jini ba ya ba da lokaci sai na awoyi. Ƙwayoyin cuta suna ba da makonni kaɗan. Sagewar gwiwa kuwa wata uku. Abin takaicin shi ne, abubuwan da muka saba yi wa majinyaci don tausayi, wato tausa, da sayo magani a kemis, da hana shi motsi, su ne ke cinye wannan wa'adin.

Abin da ba matsala ba ne

Kumburi daga cinya har idon sawu, musamman da yamma, abu ne da ake tsammani, kuma yakan kai wata uku zuwa shida yana tafiya yana dawowa. Gwiwar za ta fi 'yar'uwarta ɗumi na tsawon watanni. Fatar da ke gefen waje na tabon za ta mutu, a taɓa ba a ji sosai, saboda wata siririyar jijiya da yankan ya ratsa. Wurin yakan ragu da kansa, wani lokaci ɗan kaɗan ya zauna har abada. Ƙarar ƙas-ƙas in ana tafiya, matuƙar babu ciwo tare da ita, ƙarfe ne ke taɓa roba. Rashin barcin dare a makonnin farko ma kusan kowa na fama da shi.

Maganin kumburi abu biyu ne: ɗaga ƙafa da ƙanƙara. A kwanta rigingine, a jera matashin kai biyu ko uku ƙarƙashin sharaɓa da diddige, yadda idon sawu zai fi ƙirji tudu, na minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a yini. Kada a cusa matashi a ƙarƙashin gwiwar ita kanta. Yana da daɗi, shi ya sa majinyata ke roƙon sa, amma yana koya wa gwiwa zama a lanƙwashe, daga baya ta ƙi miƙewa. Ƙanƙara kuma, ledar fiya wata biyu da suka daskare sun wadatar. A naɗe su a tawul mai tsabta, a ɗora minti 15 zuwa 20, a cire. Ba a ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata, balle fatar da ba ta ji, kuma kada ruwanta ya jiƙa bandeji. Gashi da ruwan zafi da shafa man zafi a makonnin nan sai dai su ƙara kumburi.

Gudan jini

Bayan aiki jini yakan yi saurin daskarewa, ƙafa kuma ba ta motsi yadda ta saba, sai gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke cikin sharaɓa ko cinya. Haɗarin shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya je ya toshe hanyar huhu.

Rigakafin yana hannun gida. Na farko, maganin tsinka jini da aka rubuta, ko allurar enoxaparin da ake yi a fatar ciki, ko ƙwayar rivaroxaban, ko asfirin, gwargwadon zaɓin likita. Akan ba da shi na kimanin mako biyu, wasu har mako biyar. Allurar tana da tsada, kuma a nan ne iyalai ke yanke ta a kwana na biyar. In kuɗi ya yi wuya, a faɗa wa likita ya sauya zuwa wanda za a iya saye, kada a daina a yi shiru. Na biyu, motsa idon sawu sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, sau 10 zuwa 20 a kowace awa in ana farke. Na uku, tashi a ɗan taka cikin ɗaki kowace awa ɗaya ko biyu. Na huɗu, ruwa. A zafin watan Afrilu na Katsina jiki yana bushewa ba a sani ba. In fitsari ya yi rawaya mai duhu, ruwan bai isa ba. Wanda aikinsa ya faɗo kusa da watan azumi ya tambayi likitansa kafin ya ɗauka, rangwamen marar lafiya kuwa sananne ne. Hanyar dawowa daga Kano a mota, a tsaya kowace awa a sauko a miƙe ƙafa. A jirgi a riƙa tashi ana zagayawa.

Alamar gudan jini ita ce sabon ciwo a sharaɓa, ta yi tauri, ta yi zafi in an taɓa, ga kumburin da ya ƙaru farat ɗaya kuma ɗaga ƙafa dare guda bai rage shi ba. Tef ɗin tela yana da amfani a nan: a sa alama da biro yatsa biyar ƙasa da ƙoƙon gwiwa, a auna kaurin wurin kowace safiya, a rubuta. Tsalle na santimita biyu ko uku a kwana ɗaya abin kai wa asibiti ne a ranar, a yi sikanin jijiyoyin ƙafar. Kuma kada kowa ya matsa wurin. Jika ta zauna tana yi wa Hajiya tausa don ta ji sauƙi, alhali tana iya ture gudan ne zuwa huhu.

In kuwa numfashi ya sarƙe ba zato, ko ƙirji yana suka in an ja numfashi, ko zuciya na dukan uku-uku, ko tari da jini, ko suma, babu jiran safiya, babu kiran likitan Indiya a waya. Sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, kuma kalmar farko da za a faɗa a bakin ƙofa ita ce an yi masa aikin gwiwa ranar kaza.

Shi maganin tsinka jinin ma yana da nasa sharrin. Haɓo da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi, fitsari ja, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, duk a sanar da likita nan take. Kada a haɗa shi da diclofenac ko ibuprofen ko garin Alabukun, wanda asfirin ne a ciki, ko jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, sai da izinin likita.

Ƙwayoyin cuta

Wannan ita ce matsalar da likitocin ƙashi suka fi tsoro, duk da cewa mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari take kamawa. Dalilin tsoron shi ne ƙarfe ba shi da jini. Ƙwayoyin cuta in sun sauka a kansa sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi mai kauri wanda magani ba ya ratsawa, sojojin jiki ma ba sa kaiwa. Cikin makonni kaɗan yauƙin ya kafu. In an gano da wuri, kamar cikin mako huɗu na farko, ana iya buɗe gwiwar a wanke ta sosai, a sauya farantin robar, a bar ƙarfen, a bi da magani mai ƙarfi. In an makara, sai an cire komai, a sa simintin da aka cuɗa da magani ya zauna a gurbin, a sha magani na kimanin mako shida, sannan a sake wani aikin a sa sabuwar gwiwa. Aiki biyu ke nan, da kuɗi ninki, da watanni a kan sanda.

Kula da ciwon ba shi da wuya. Bandeji ya zauna a bushe. Mai sauya shi ya wanke hannu da sabulu, ya sa safar hannu, ya yi amfani da auduga da bandejin da ba a taɓa buɗewa ba. Babu zuma, babu man shanu, babu toka, babu garin kafso. Wanka da tsumma za a yi, ko a naɗe gwiwar da leda, har sai an cire ɗinki, wanda akan yi tsakanin kwana 10 zuwa 14. Wajen alwala a zauna a kujera, wani ya zuba ruwa a ƙafar daga idon sawu zuwa ƙasa. Masu zuwa dubiya su yi addu'arsu daga inda suke, ba sai an buɗe musu ciwon sun gani ba.

Kowace safiya a duba da haske mai kyau. In an ga ja a gefen ɗinki, a zagaye iyakarsa da biro. Gobe in ya tsallake layin, yaɗuwa yake. Sauran alamun su ne ruwa da ke ci gaba da tsattsafowa bayan kwana biyar zuwa bakwai, ko ya tsaya ya dawo, mugunya, wari, bakin ciwo ya buɗe, zazzaɓin da ya kai digiri 38, rawar sanyi, da ciwon da ke ƙaruwa bayan ya fara sauƙi. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne muhimmanci, don sau da yawa cutar da ke can ciki ba ta zuwa da zazzaɓi ko kaɗan.

Kurakurai biyu ne ke ɓata lamarin a wajenmu. Na farko, duk zazzaɓi sai a ce maleriya ce ko taifod, a yi allurai na mako guda gwiwa na ruɓewa. A yi gwajin maleriyar, babu laifi, amma ko ya nuna akwai, likitan ƙashi ya ga gwiwar. Na biyu, wanda ya fi muni, a aika yaro kemis ya sayo Ampiclox. Maganin zai ɗan kwantar da ja da zafin, kowa ya saki jiki, ƙwayoyin kuwa suna nan a kan ƙarfe. Ranar da aka je asibiti aka zuƙi ruwan gwiwar da allura don a gano wace ƙwaya ce, gwajin sai ya fito babu komai saboda maganin da aka sha, likita ya koma lalube cikin duhu. Ƙa'idar ita ce: a fara gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna alamar kumburi ko cuta a jiki, a zuƙi ruwan gwiwa, sannan a fara magani.

Mai ciwon suga ya riƙa aunawa kullum, don suga da ke haura 10 a ma'aunin mmol, wato 180 a ma'aunin mg/dL, yana hana ciwo haɗewa. Taba ma haka. A ci abin gina jiki, ƙwai, wake, kifi, nama, nono. Kuma ko bayan shekaru, ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon fitsari, ko maruru, ko gyambon ƙafa, tana iya bin jini ta sauka a kan ƙarfen. A yi maganinsu da wuri, kuma wanzami kada ya kusanci wannan ƙafar da ƙaho ko aska.

Sagewa

Bayan yanka, jiki yana saƙa tabo a cikin gwiwa. In ana motsa ta, tabon ya yi laushi ya bi motsin. In an bar ta, ya ƙame kamar fatar da aka shanya. Irin jinyarmu ta “Baba, ku kwanta ku huta, me kuke so a kawo muku?” ita ce babbar abokiyar sagewa.

Ga ma'aunin da masu gashin ƙashi ke bi. Tafiya tana bukatar gwiwa ta lanƙwashe kimanin digiri 65, hawa da saukar matakala wajen 90 zuwa 100, tashi daga kujera ba tare da wahala ba sama da 90. Ana so a kai 90 cikin mako biyu ko uku, a kai 110 zuwa 120 kafin wata uku. A gida, digiri 90 shi ne mutum ya zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, diddige daidai ƙarƙashin gwiwa. A sa alama da alli a siminti inda babban yatsa ya tsaya, kowane kwana biyu a ga ko ya ja baya.

Atisayen sau uku a yini ne, kuma a sha maganin ciwo minti 30 zuwa 45 kafin a fara. Da farko miƙewa, don ita aka fi mantawa kuma ita ta fi wuyar dawowa: a naɗe tawul a sa ƙarƙashin diddige, gwiwa a sararin iska, a bar nauyinta ya ja ta ƙasa minti biyar zuwa goma. Sai a danna bayan gwiwa cikin katifa, naman cinya ya ɗaure, a riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Sai ɗaga ƙafar a miƙe kamar taki ɗaya daga katifa, sau goma. Sannan lanƙwasa: a kwance, a zarga gyale ko rawani a tafin ƙafa, a jawo diddige zuwa mazauni har a ji ja mai ƙarfi, a riƙe daƙiƙa goma, a sake. A zaune kuma, a ɗora lafiyayyar ƙafa a gaban mai ciwon a tura ta baya. Leda a ƙarƙashin tafin ƙafa tana sa ta zame da sauƙi a kan siminti.

Zai yi zafi. Zafin ja da ke lafawa cikin awa ɗaya ko biyu daidai ne. Wanda ya kwana ya wuni, gwiwa ta ƙara kumbura, alamar an wuce gona da iri, a rage gobe amma kada a tsaya. Kuma kada wani ƙaƙƙarfa ya danne ƙafar da ƙarfin tsiya, ko a kai wa mai ɗori ya “ɓalle” ta. Ƙashin tsoho da ke riƙe da ƙarfe yana iya karyewa, jijiyar ƙoƙon gwiwa tana iya tsinkewa, gyaransu kuwa ya fi aikin farko wuya.

In an kai mako shida gwiwa ba ta kai 90 ba, a koma wa likita. Akwai abin da yake yi: a sa wa mutum maganin barci, a lanƙwasa gwiwar a hankali har tabon ya saki, ba tare da yanka ba. Yana aiki sosai in an yi shi kafin mako 12. Bayan nan amfaninsa na raguwa.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya kan salla da zaman ƙasa. Zaman tahiya yana bukatar gwiwa ta naɗe gaba ɗaya, yawancin gwiwoyin ƙarfe kuwa ba sa kaiwa can. Watannin farko a kujera za a yi salla, a yi ruku'u da sujada da nuni, sujadar ta fi ƙasa; hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba marar lafiya wannan damar. Durƙuso daga baya ba ya cika lalata ƙarfen, amma da yawa ba sa jin daɗinsa, kuma likitan da ya yi aikin ne zai ce yaushe. Masai na tsugunno a bar shi: kafinta ko mai walda zai yi kujera mai rami da hannuwa, tsayinta ya kai gwiwar mai ita ko ya ɗan fi, wajen santimita 45 zuwa 50. Katifar ƙasa ma a mayar da ita kan gado.

Ciwo, ciki, da faɗuwa

Parasitamol shi ne ginshiƙi: giram ɗaya duk awa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini, mai ciwon hanta ko ƙaramin jiki kuma ƙasa da haka. Shan sa a kan lokaci ya fi jira sai ciwo ya taso. Tramadol da kodin na 'yan kwanaki ne, a riƙa janye su da zarar an samu sauƙi, a kuma kulle su inda samarin gida ba za su kai ba. Suna ɗaure ciki, don haka ruwa, gwanda, dabino, zogale da miyar kuka su yawaita. Kwana uku babu bayan gida a nemi maganin sassautawa. Mai olsa ko ciwon ƙoda ko hawan jini kada ya taɓa diclofenac da kansa.

In tafin ƙafa ya ƙi ɗagowa sama, yana jan ƙasa, jijiyar gefen gwiwa ce ta matsu: a sassauta bandeji, a ɗan lanƙwasa gwiwar, a kira likita a ranar. Ƙafar da ta yi sanyi, ta ɗashe, ta mutu, wannan na gaggawa ne.

Faɗuwa kuma a kan tabarmar da ta naɗe, ko bakin rariya, ko jiƙaƙƙen banɗaki, ko cikin duhu in an ɗauke wuta take faruwa. A kwashe tabarmi da wayoyin caji daga hanya, tocila ta kwana a gefen gado, a bar silifas a sa takalmi mai rufe diddige. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, ba ɓangaren gwiwar da aka yi wa aiki ba. A matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba wajen hawa, mai ciwon ce gaba wajen sauka. Babur a haƙura da shi, tuƙin mota sai wajen mako shida in likita ya yarda. Wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafar, ko ya kasa ɗaga ta a miƙe, a ɗaure ta da katako yadda take a kai shi a yi hoto.

Kimanin mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo bayan wata uku. Wannan ba ya nufin aikin ya ɓaci, amma yana bukatar bincike: hoto, gwajin jini don kawar da zaton ƙwayoyin cuta, da duba ƙugu da baya, domin ciwonsu yakan sauko gwiwa ya yi ɓad-da-kama. Ƙarfen kansa yana da ƙarko. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna kimanin 82 cikin 100 suna kai shekara 25. Abin da ke cinye shi da wuri shi ne ƙiba, ɗaukar kaya masu nauyi, da tsalle. Gwiwar da ta shekara biyar lafiya lau sannan ta fara ciwo a takun farko bayan zama, ko tana lanƙwashewa da kanta, ko ƙafar ta fara karkacewa, wataƙila ƙarfen ne ya fara sakin ƙashi. A ɗauki tsohon hoton nan da aka karɓo ranar sallama a tafi da shi, don da shi likita zai gwada sabon ya ga ko ƙarfen ya gusa.